Ranar da Turai Ta Daina Wasa

Mutumin da ya ba ka ɗaki, ya ba ka tuwo, in ya gan ka da safe sai ya sa ka dariya, amma hayaƙin sana'arsa na cin jikinka a hankali, wane suna ya dace da shi? In ka ce azzalumi, mutanen bayan tashar jirgi a Ƙaura Namoda za su rantse maka Maitama bai iya zaluntar kaza ba. In ka ce mutumin kirki, to ga hannuwan Turai nan, kowa na iya zuwa ya duba. Na juya tambayar nan har na gaji, ban samo mata amsa ba. Abin da ya faru dai shi na sani.

Turai matar yayan Maitama ce. Da mijin ya rasu ta gama takaba, Maitama ya ce ba inda za ta je, ɗakinta na ƙuryar gida nata ne har ƙarshen rai. Tsakanin mace da ƙanin mijinta kuwa wasa ne, haka aka gada, ba mai riƙe maganar wani a zuciya. Su biyun nan sun riƙi wasan kamar sana'a. Furfura ta fito musu duka, amma ba su rage ko kaɗan ba.

Kullum da hantsi kafin ya fita sai ya leƙo ƙurya.

"Amarya, an tashi lafiya? Kin yi mafarkina?"

"Na yi," in ji Turai, tana shara ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ga bunsuru ya sa hula ya hau mashin. Na ce wanga angona ne, ba ko shakka."

"Bunsurun dai ke ciyar da ke."

"Shi ya sa tuwon ke ƙarni."

Saudat, matar Maitama, tana bakin murhu tana dariya har da share ido. "Yaya, ki bar min miji ya fita da sauran mutuncinsa."

Bayan ɗakin Turai akwai fili inda a da ake ɗaure awaki. Nan Zayyanu, babban ɗan Maitama, ya kafa murhunsa. Uban kan bi kasuwannin Shinkafi da Moriki yana sayo matattun batura, na mota da na sola, ɗan kuma ya fasa su da gatari, ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya narka dalmar cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe. Hayaƙin ba shi da wata hanya sai tagar Turai. Tokar kuma ba mai share ta sai ita, don mace ce da ba ta iya ganin datti ta zauna. Safe da yamma tana cikin ƙurar nan da guntun tsintsiyarta. Har ta gano tokar na sa kwano ƙyalli, ta riƙa ɗiba tana dirje kwanonin cin abincinta da ita, tana yi wa Saudat gorin nata sun fi haske.

Agwaginta ne suka fara. Wata safiya babbar cikinsu ta fito tana zagaya turmi, wuya a karkace, tana faɗuwa tana tashi.

"Ta ɗauko tafiyar uwar ɗakinta," in ji Maitama.

"A'a, ganinka ta yi jiri ya ɗebe ta."

Aka yi maza aka yanka ta kafin ta mutu, aka yi farfesu, kowa ya yaba. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aka ce annobar kaji ce, ko da yake kajin gaban gida ba abin da ya same su.

Daga nan cikin Turai ya soma. Murɗa yake kamar ana matse wanki, ya sake ta, ya dawo. Bakinta kullum da ɗanɗanon ƙarfe kamar ta kwana da ƙusa a kunci. Ta kan shiga ɗaki ta tsaya tana kallon bango, ta rasa abin da ya kawo ta. Rannan ta zuba gishiri a miya, ta juya ta sake zubawa, Maitama ya ci loma ɗaya ya ce lallai amarya ta ƙudurta gadon gida.

Kowa a gidan da nasa bayanin. Saudat ta ce basir ne, ta dafa mata sabara. Da bai yi ba ta ce shawara ce, ta canja sassaƙe. Zayyanu ya ce, "Inna, ni da ke tsaye kan tukunyar yini guda ban faɗi ba, sai ke da ke cikin ɗaki?" Yana faɗin haka yana dafe da goshi, don shi ma kansa ba ya barinsa, kuma saurayin da aka sani da sanyin hali ya koma mai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maitama kuwa ya dawo da madarar gwangwani a aljihu ya miƙa mata.

"Masu walda ita suke sha, tana wanke hayaƙi tas. Sha ki yi ƙiba, in fita da ke cikin jama'a."

Turai ta karɓa ta sha. Madarar da daɗi. Ta lura dai da abu ɗaya: wanda ya ce hayaƙin ba ya komai, shi ne ya sayo maganin hayaƙi.

Ana cikin haka, wajen tsakiyar bazara, mota mai lasifika ta zagaya unguwa. Aka ce ƙaramar hukuma ta samu tallafi don duba ƙasar gidajen da aka yi aikin batur ko niƙan dutsen zinari a cikinsu. Duk gidan da aka samu gubar dalma, za a kankare ƙasar a kwashe, a kawo sabuwa, ba a karɓar komai. Turai ta ji sanarwar tana kwance tana riƙe da ciki. Washegari da ta ga ma'aikaciyar tana fitowa daga gidan maƙwabcinsu Ɗantani, wanda shi ma ya taɓa wannan sana'a, sai ta yafito ta daga bakin zaure.

Zulaihat sunanta, yarinya ce doguwa mai hijabi da takalmin roba, tana riƙe da wata na'ura mai kama da dutsen guga. Mace ce, saboda haka sallama kawai ta yi ta shiga. Ta ɗora na'urar a ƙofar ɗakin Saudat, ta duba, ta taɓe baki. Ta ɗora a ƙofar ɗakin Turai. Ta dubi na'urar, ta dubi Turai, ta goge fuskar na'urar da gefen hijabi ta sake ɗorawa.

"Inna, nan kike kwana?"

"Nan anka kawo ni amarya, nan nake."

"Buɗe baki in gani."

"Ɗiyata, sayena za ki yi kike duban haƙora? Na tsufa, sai dai ki taya da rahusa."

Zulaihat ta yi murmushi, amma da ta ɗaga leɓen Turai murmushin ya tafi. Ta ɗauko madubin Saudat ta nuna mata wani siririn baƙin zare da ya bi gindin haƙoranta. Ta sa ta miƙa hannuwa gaba ta ɗaga tafukan sama. Na dama ya ɗago da kyar, yana rawa.

Ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Akwai magani a asibiti mai fitar da dalma daga jini, amma ba a fara shi ga wanda zai koma ya kwanta cikin gubar, don aikin banza ne, wani lokaci ma ya fi cutarwa. Sai an gyara gida tukuna. Gyaran kuma maza ke yi, da diga da shebur da tifa, maza kuwa ba sa shiga gidan mutum sai da bakinsa. Sannan dole murhun ya bar gidan. An ware wa masu sana'ar fili mai katanga a cikin gari, kusa da kasuwa.

"To ai da sauƙi," in ji Turai. "Maigidan nawa ne. A tafin hannuna yake."

Ta gaskata abin da ta faɗa kuwa.

Maitama ya karɓi Zulaihat a zaure da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa, ya saurare ta har ta gama. Turai na laɓe bayan ƙofa tana ji.

"Ɗiyata, kin yi karatu, Allah shi yi albarka. Amma ƙasagga da kike cewa ta ɓaci, da ita nake taimama ran da zazzaɓi ya hana ni taɓa ruwa. Sallolina duk sun tashi ke nan?"

"Baba, ban ce najasa gare ta ba. Abu na iya zama da tsarki kuma ya kashe mutum."

Maganar ta shigi Maitama, sai ya kewaye ta ya ɓullo ta wani wuri.

"Bayan ɗakin tsohuwarmu anka binne cibiyata. Nan anka binne ta yayana, nan anka binne ta Zayyanu. In tsaya ina kallo a loda cibiyata a tifa a kai ta juji?"

"Zurfin tafin hannu ɗaya kawai ake kankarewa, Baba. Ba a kai wa can."

"Ke kinka binne ta da za ki san zurfinta?"

Ya ce kuma da can a hanyar Moriki suke aikin, cikin wata rumfa, har ranar da masu bindiga suka tare hanyar, Zayyanu ya kwana a daji. Tun ranar ya rantse ɗansa ba zai ƙara aiki inda idonsa ba ya kai wa ba. Wannan gaskiya ne, Turai ta sani, ita ta yini tana kuka a lokacin. Zulaihat ta tuna masa sabon filin a tsakiyar gari yake. Ya ce tsakiyar gari ma idon mutane ne, kowa ya san abin da ka samu. Daga ƙarshe ya faɗi wadda ta fi ci masa rai. Bayan Sallah za a kawo wa Zayyanu amarya daga Zurmi. In labari ya je cewa gidan Maitama gidan guba ne, tifa ta tsaya a ƙofarsa, wane uba zai ba da 'yarsa?

Zulaihat ta tashi. "Motocin na nan har a gama unguwar nan, Baba. Kafin ruwa ya sauka za su wuce."

"Allah shi kai su lafiya," in ji Maitama.

Da la'asar yana tsakar gida yana shan fura, Turai ta zo ta tsaya a kansa.

"Angona, gidanka na kashe ni."

"Ke da kinka daɗe kina kashe ni fa? Dubi yadda na rame."

"Ba wasa nake ba."

"Haka kinka ce ran da kinka sa min barkono a hula."

Saudat ta tuntsire da dariya. Zayyanu ma da ke wanke ƙafa ya dara. Turai ta buɗe baki za ta ce wani abu mai nauyi, sai ta ji harshenta ya bi hanyar da ya saba.

"In na mutu, fatalwata a ɗakinka za ta tare."

"Maraba da ita. Ta fi ki sauƙin ciyarwa."

Aka yi ta dariya, har da ita. Ta koma ɗaki tana dariya, ta zauna bakin gado, dariyar ta ƙare ta bar ta da murɗar ciki. A nan ta fara gane ramin da take ciki. Ita da mutumin nan ba su da wani harshe sai na wasa. Duk abin da ta ɗora a kansa, ko gawa ce, zai isa wurinsa yana rawa.

Ta sake gwadawa ba sau ɗaya ba. Ta nuna masa zaren haƙoranta, ya ce goro ne ya yi mata jagira. Moɗa ta suɓuce daga hannunta a gabansa, ya ce ta iya kwaikwayon tsofaffi, saura ta nemo sanda. Ta roƙi Saudat ta yi masa magana, Saudat ta ce, "Yaya, in ke bai ji taki ba, tawa zai ji? Ke ce kike iya masa." Kowa a gidan ya sakankance Turai ce mai iya wa Maitama, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin sa baki.

Gidan Ɗantani kuwa aka kankare shi tas, aka zuba jar ƙasa sabuwa. Matarsa ta kira daɓe. A unguwar nan ba a daɓe babu Turai, don ita ke ba da waƙa mata na amsawa, kuma ita ke saƙa sunayen mazan unguwa a ciki ta yi musu tsiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar ta ɗaura ɗankwali ta je, ciki na murɗa ta ƙi kula shi. Aka yayyafa ruwan makuba, mata suka jeru a durƙushe, kowacce da madaɓinta. Turai ta ɗaga murya. Ta fara da Ɗantani da tumbinsa, aka amsa, ƙasa na amsa dukan katako, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan. Ta zo kan Maitama, inda kowa ke jira.

Sai sunan ya ɓace mata. Baitin da ta yi shekaru tana rerawa ya tashi daga kanta kamar an share allo. Ta ɗaga madaɓi don ta rufe gurbin da duka, hannun ya lanƙwashe daga wuyansa ya rataye, madaɓin ya faɗi gefe.

Mata suka kwashe da dariya. "Ta ji sunan ango hannu ya mutu," in ji wata.

Turai ta kai hannu za ta ɗauka. Yatsun suka taɓa katakon suka ƙi rufuwa. Ta gwada da na hagu, ya ɗaga shi kaɗan ya saki. Dariyar ta riƙa raguwa daga wannan gefen layi zuwa wancan, har ya zama ba a jin komai sai kukan akuya a waje. Matar Ɗantani ta taso ta kama ta.

"Ku ci gaba," in ji Turai. "Ƙasa na bushewa."

A hanyar komawa gida ta ga tifa tana juyawa a bakin layi. Direban ya ce wa wani mutum gidaje kaɗan suka rage musu. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa.

Washegari da hantsi Maitama ya leƙo ƙurya kamar kullum.

"Amarya, an tashi lafiya? Yau wace dabba ce ni?"

Turai ta fito daga ɗaki da mayafi. Ta tuɓe takalmi tun daga nesa. Ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Maigida. An tashi lafiya? Allah shi ƙara girma."

Maitama ya yi dariya. "Wane sabon salo ne wanga?"

"Allah shi ba da sa'ar kasuwa."

Ya tsaya yana jiran ƙarshen maganar, inda ƙayar take. Ba ƙaya. Ta ci gaba da durƙuso har ya gaji ya juya, yana waiwaye.

Da ya dawo ta sake durƙusa masa da sannu da zuwa. Ya ce mayafinta kamar na kakar fatalwa, ta ce Allah shi huci zuciyarsa, za ta canja. Ya ce miyar jiya ba gishiri, ko ta ƙarar da shi wancan karon, ta ce a yi mata gafara. Ya sa hularsa a karkace ya wuce ta gabanta da gangan, irin abin da a da zai ishe ta zance har dare. Ta kawar da ido kamar yadda ake yi wa suruki.

Kwanaki suka tafi a haka. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Saudat ta daina dariya a bakin murhu don ba abin yi wa dariya. Maitama ya rage cin tuwo. A majalisar ƙofar gida aka tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce lafiya lau, ya tashi ya bar wurin. Duk girmamawar da ake yi wa magidanci Turai ta yi masa, ba ta rage ko ɗaya ba, shi kuwa kowace gaisuwa ji yake kamar an rufe masa ƙofa a fuska. Ita ma ba daɗi take ji ba. Sau da yawa magana mai daɗi kan zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta da ɗanɗanon ƙarfen.

Ran nan bayan la'asar ya zo ƙofar ɗakinta da gwangwanin madara. Ta fito ta durƙusa.

"Tashi, don Allah. Ungo."

Ta miƙa hannu biyu kamar yadda ake karɓar kyautar babba. Ya ɗora gwangwanin. Tafukan suka lanƙwashe, gwangwanin ya faɗi ya gangara. Ya ɗauko ya sake ɗorawa. Ya sake faɗuwa. Maitama ya dubi fuskarta yana neman ɗan murmushin nan da ke nuna tsokana ce. Bai same shi ba. Ya tsuguna, ya kama hannunta na dama ya ɗaga, ya saki. Hannun ya rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Turai." Rabonsa da kiran sunanta tun tana amarya ta gaske. "Tun yaushe?"

"Tun kana cewa na iya kwaikwayo."

"Mi ya hana ki gaya min?"

"Na gaya maka, Maigida. Ka yi dariya. Ni ma na yi." Ta numfasa. "Tun ran da anka kawo ni gidanga ban taɓa yi maka maganar da ba ka yi dariya ba, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ni ke nema. To ga shi na zo da maganar da ba ta dariya ba, na rasa bakin da zan faɗa maka ita. Na matar yayanka ba ya aiki. Shi ne na ari na baƙuwa."

Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba.

"Ban ce ka bar sana'arka ba. Ban ce ka kai ɗana Zayyanu daji ba. Yarinyar da za a kawo daga Zurmi, tsintsiyagga za a miƙa mata, don ni na gama shara. A nan za ta haihu, a nan ɗanta zai yi rarrafe. Kana tsaron cibiyar da anka binne. Ta masu zuwa fa?"

Daga bayan ɗaki ana jin gatarin Zayyanu yana sauka kan batur. Maitama ya tashi tsaye a hankali, ya bar gwangwanin inda ya faɗi.

A nan tambayar farko ke dawowa. Maitama bai taɓa nufin Turai da sharri ba, ko na ƙwayar gero. Amma ya ga agwagi, ya ga moɗa, ya sayo madara da hannunsa. Wani sashe na zuciyarsa ya sani tun tuni, sai ya samu wasa ya lulluɓe shi da shi, don wasan ya fi tifa a ƙofar gida sauƙin ɗauka. Gidaje nawa ne ake cutar da mutum a cikinsu ba da duka ba, ba da zagi ba, sai da ƙin ɗaukar maganarsa da nauyi? Wanda aka yi wa tsawa ya san an yi masa laifi, maƙwabta ma sun ji. Wanda aka yi wa dariya kuwa, wa zai kai wa ƙara?

Da safe tifa ta tsaya a ƙofar gidan. Unguwa ta fito kallo, kamar yadda Maitama ya ji tsoro. Zayyanu ya riga ya loda tukunyarsa da gatari a amalanke ya nufi sabon fili, bayan Zulaihat ta sa ya yi alkawarin zuwa a duba jininsa shi ma. Ta ce wa Turai da an gama za a fara mata magani. Ciki zai lafa, mantuwa za ta ragu. Hannuwan kuwa ba ta yi alkawari ba, ta ce wataƙila su dawo, wataƙila ɗaya, sai abin da Allah ya yi.

Leburori na tsaye a waje da kayan aikinsu, ba wanda ya taka zaure. Maitama ya fito, ya dubi taron, ya karɓi diga daga hannun na gaba.

"Gafara dai masu gida," ya faɗa da ƙarfi a ƙofar gidansa. "Maza za su shigo."

An yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, an raba wa kowa takunkumi. Turai na zaune kan kujera 'yar tsugune a bakin zaure, hannuwa a cinya. A da, ganin Maitama da takunkumi a baki ya ishe ta abin tsokana har kaka. Ya wuce ta gabanta, ya ɗan rage tafiya, ta kawar da kai.

Bai tsaya ko'ina ba sai bayan ɗakin tsohuwarsu. Ya yi bisimilla, ya ɗaga digar ya sauke. Ƙasar ta tsage. Ya sake sarawa, bakin digar ya ci karo da wani abu. Ya sunkuya ya tono shi da yatsa, ya kaɗe. Ɓallin baƙar robar batur ne, ya nutse a wurin ba a san tun yaushe ba.

Ya ɗaga shi sama, ya juyo ya dubi Turai. Yana dai riƙe da shi, yana jira. Leburori na kallonsa. Saudat ta leƙo daga bayan ƙofa.

Turai ta bar shi ya jira har hannunsa ya fara gajiya. Sannan ta sa bayan hannu ta ture takunkuminta ƙasa.

"Ashe cibiyarka ta roba ce, angona. Shi ya sa magana ba ta shigarka."

Saudat ce ta fara dariya, leburori suka ɗauka. Maitama ya jefa robar cikin baro, ya goge ido da hannun riga ya ce ƙura ce, ko da yake ƙasar a jiƙe take. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga digar, ya sake sarawa.